Shinkafar Bawa a Rumbun Madina

Madina na durƙushe gaban murhu tana iza ɓuntu a ƙarƙashin tukunyar gumi sa'ad da gangar mai shela ta ratso katangar gidan. Ba ta ɗaga kai ba. Shela a Kalgo ba baƙuwa ba ce. In ba jakin wani ya ɓata ba, to masu allurar shanu ne za su zo.

“Jama'a kuna ji! Umarni ne daga sama! Duk ɗan ƙwadagon da ya shigo daga ƙasar Faranshi babu takarda, ya naɗe tabarmarsa ya koma kafin jinjirin wata ya tsaya! Kuma ba a yarda kowa ya ƙetare iyaka da gero ko dawa ko shinkafa ba, ko da cikin tafin hannu! In kunne ya ji, jiki ya tsira!”

Hannunta ya tsaya cak. Idonta ya tafi da kansa kan ƙaramin rumbun da ke jikin katanga.

Rumbun nata ne, amma ko ƙwaya guda a cikinsa ba tata ba ce. Ta Bawa ce.

Bawa Ba'are ne daga wani ƙauye a bayan Dogondutsi, cikin Nijar, wadda mutanen Kalgo ba su daina kira ƙasar Faranshi ba ko da yake Bature ya daɗe da tafiya. Duk shekara yakan zo da laujensa yankan shinkafa a fadamar baffanta Alhaji Tambari, ya kwana a zauren gidan, ya koma in ruwa ya kusa. Bana kuwa, shekarar fari, shekarar da naira ta kori fam, tun damina ba ta ƙare ba ya iso, don geron ƙauyensu ya ƙone a tsaye bai kai gwiwa ba. Ya roƙi Alhaji kada a biya shi da kuɗi. Me kuɗi zai saya a kasuwar da babu hatsi? A biya shi da shanshera, shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba. Duk ladan da ya samu sai ya kawo wa Madina ta guma, ta shanya, ta zuba a rumbu, don gumi yana jimirin ajiya kuma yana da auki. Abincin tsohuwarsa ke nan da 'ya'yan ƙannensa har wata damina.

Abin da ke tsakaninsu kuwa har kajin gidan sun sani. Madina bazawara ce, ta daɗe da fita takaba, kuma ba yarinya ba ce da za a zaɓa wa. Bawa ya furta, ita ta amsa. Alhaji Tambari, wanda ke tsaye a matsayin mahaifinta tun rasuwar ƙanensa, tambaya guda ya yi: “Ina magabatanka?” Ya san amsar kafin ya tambaya. Magabatan Bawa yunwa ta watsa su. Wasu suna Yamai, wasu ƙasa ta rufe.

Da la'asar Bawa ya yi sallama. Ya zauna a dokin ƙofar zaure ta ciki, iyakar inda baƙo ke tsayawa, laka har gwiwarsa.

“Uwar gumi, hayaƙi ne ko kuka?”

“Hayaƙi ne, mutumin Faranshi. Wa ya isa ya sa ni kuka?”

“Wutar ta mutu tun ɗazu.”

Ta waiwaya. Ta mutu kuwa, ko tartsatsi babu. Ta ja gefen mayafinta ta share fuska, ta zo ta zauna nesa kaɗan da shi.

“Ka ji?”

“Har kurma ya ji. Su Abu, abokan yankana, sun riga sun ɗauki ladansu sun nufi bakin kasuwa. Siddiƙu ya kafa sikeli yana saye kamar roƙonsa ake yi. Kowa na so ya rabu da tasa rana guda, to kin san sauran. Abin da mutum ya yi wata da watanni yana tarawa, ga shi ana karɓa da kuɗin gishiri.”

Siddiƙu ɗan gwaggonta ne, dillalin shanshera, mai babur da agogo. Tun ranar da ta fita takaba yake aiko da turare.

“Kai fa?” ta ce.

“In sayar, in kai wa tsohuwa naira ta jiƙa ta sha?”

“To ka bi daji.”

“An ƙwace na waɗanda suka gwada, har da jakunansu.”

“To ka zauna, Bawa. Ka ce kai ɗan Kangiwa ne. Wa zai bambanta Ba'aren nan da na can? Harshe ɗaya, zane ɗaya a fuska. Wanda ya ja layin iyakar nan bai taɓa shan furarku ba balle ya san ku.”

Ya yi murmushi, irin wanda bai kai ido ba.

“Siddiƙu zai bambanta. Kuma in na zauna, tsohuwa fa? Na san inda take yanzu haka. Tana gindin aduwar bakin gari tana duban kudu. Duk wanda ya ɓullo da kaya a ka, sai ta tashi tsaye.”

Wata kaza ta zo tana tsattsagar shanyar gumi, babu wanda ya kore ta.

“Madina,” ya ce, kuma ba kasafai yake kiran sunan ba, “na yi tunani tun daga fadama har nan. Shinkafar nan ba za ta bi ni ba. Ki riƙe ta. In wata rana Alhaji ya sauko, sadakinki ne. In bai sauko ba, kyauta ce. Gara ki ci da Siddiƙu ya auna ta.”

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata da gaske.

“Ni? Ni zan ci abincin tsohuwarka? Bawa, da hannuna na guma ta. Duk tukunyar da na sauke sai na ce, wannan ta kai su sati, wannan ta yaran ce. Ban taɓa ganin matar nan ba, amma na san haƙoranta sun yi rauni, shi ya sa nake barin nata ya ƙara turaruwa. Yanzu ka ce in kai loma bakina? Ta wace hanya za ta wuce?”

“To in yi yaya, ɗiyar malamai? In zauna, na ci amanar wadda ta haife ni. In tafi, na bar raina a nan kuma na isa hannu sake.”

“Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Amma kada ka ƙara kira mini ita sadaki.”

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin laujensa da babban yatsa. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

“Ko ba komai, na ci tuwon hannunki. Akwai waɗanda suka zo duniya suka koma ba su samu ko wannan ba.”

“Tashi ka tafi,” ta ce cikin kuka. “Tashi, kafin ka sa in ce maka abin da bai kamata ba.”

* * *

Kashegari saƙo ya zo ta bakin direban motar kasuwa: Gwaggo Tasalla na nemanta a Gwandu, kuma ba ta ce in ta samu dama ba.

Gidan gadonsu na nan yadda ta san shi. A zaure ƙaramin baffanta, Malam Abdulgani, na biya wa manyan ɗalibai littafi. Ya ɗaga ido ya amsa gaisuwarta da fara'a ya koma kan karatunsa. A ƙofar gida kuma ga babur an jingine, an lulluɓe sirdinsa da tawul don kada rana ta taɓa. Ta gane wanda za ta tarar.

Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifinta, tana zaune kan tabarma da carbi. Ɗanta Siddiƙu na kan kujera yana kaɗa makulli a yatsa.

“A'a, taubashiya! An ce kin rame. Ko hayaƙin gumi ne?”

“An ce ka yi ƙiba, taubashi. Ko guminmu ne?”

Tsakanin ɗan mace da ɗiyar namiji wasa halal ne, don haka Gwaggo ta bar su suka gama. Sa'an nan ta ajiye carbi.

“Zauna, ɗiyata. Allah ya raba ki da wahala ba da hannun kowa ba. Baƙo raɓa ne, hantsi ya yi ya tafi. Ba zagin yaron nake yi ba, an ce yana da salla. Amma mu gidan nan, in aka tambayi kakan kakanmu muna iya nuna kabarinsa. Shi fa? Wa ya san abin da kakanninsa suka bauta wa?”

Karin maganar raɓar nan ta tsufa a bakin mutane har ba mai duba haƙoranta. Raɓa dai ba ta taɓa yanke wa kowa shinkafa ba. Madina ta haɗiye wannan, ta ce, “Gwaggo, ba kakansa zan aura ba.”

“Ji bakinta! Bakin ubanta sak.”

Siddiƙu ya gyara zama. “Inna, bar ni da ita. Madina, ke mai hankali ce, ki bar maganar so ki dubi gari. Baƙin nan sun karya ƙwadago. Ɗan gari ya ce a ba shi abin da zai ci da iyalinsa, baƙo ya karɓi rabi har da godiya. Shi ya sa samarinmu suka watse, wannan aikin titi, wancan Sakkwato. Ƙarya na yi?”

“Rabin gaskiya ka yi, kamar ladan da kuke biya. Wa ke ba da rabin? Baƙo ne ke biyan kansa? Kuma yanzu da aka kore su, samarin sun dawo? Wanda ya ɗanɗani albashi ya sa takalmi, shi zai dawo ya shiga laka har gwiwa don kai ka yi shela? Jeka fadama ka gani. Shinkafa ta nuna ta sunkuya, tsuntsaye jan-baki na sauka kamar hadari.”

“Wannan na ɗan lokaci ne.”

“Na ɗan lokaci mana. Ka saye ta baƙi a banza, ta gona ta zube, in rani ya yi tsakiya ka buɗe sitonka ka sayar wa gari yadda ka ga dama. Ni ma sana'ata ce, taubashi, na iya wannan karatun.”

Makullin ya daina kaɗawa.

“To tunda kin iya karatu, karanta wannan. Ni na kai ƙarar baƙin nan ga hukuma, ban ɓoye ba. Amma da sanin Kawu Tambari na kai. Na ce masa akwai hanyar da za a raba ki da Ba'aren nan ba tare da hayaniya ba, ya ce in yi abin da ya dace.”

Madina ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a baya. Baffa. Baffan da ya ɗauko ta daga gidan takaba ya ce gidansa gidanta ne. Ashe ya ɗauka doka hantsaki ce, mai cire ƙaya guda ta bar ƙafa lafiya. Bai san ambaliya ya kira ba, wadda ba ta tambayar gonar wa ce.

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ganin haka Gwaggo ta yi wa ɗanta alama ya fita, ta jawo ta jikinta kamar ƙaramar yarinya.

“Yi haƙuri, ɗiyar ɗan'uwana. Ni ma na so wani kafin uban wannan, ga ni ban mutu ba. Ki yarda da ɗana kawai ki ga gatan da zan yi miki. Wai bazawara ba a yi mata gara? A gidan wasu! Ni zan yi miki garar da za a daɗe ana labari. Shinkafa, man shanu, daddawa, alkaki. Ke kin san gara kuwa? Tawa, zamanin da Turawa ke karɓar hatsin dole, aka ɗauko ta za a ƙetare gulbi. Dogarai sun tsare mashigi, ko damin kara sai sun soka masa sanda. Babbansu ya miƙa hannu zai ɗaga faifai, sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta ce, ‘Buɗe, ɗan nan, ka ga irin abin da uwarka ta kai gidan ubanka!’ Wallahi sai ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ƙwarya bayan ƙwarya muka wuce. Garar amarya ko sarki ba ya buɗe ta a hanya.”

Kukan Madina ya tsaya a tsakiya. Ta ɗago a hankali ta dubi tsohuwar.

“Ko sarki, Gwaggo?”

“Ko sarki.”

Madina ta kama hannun gwaggonta ta ɗora a goshinta. Gwaggo Tasalla ta yi hamdala, ta ɗauka an gama.

* * *

Kashegari, hantsi ya ɗaga sa'ad da ta isa fadamar Kalgo da ƙwaryar fura a ka. Bara war haka ba ka jin maganar na kusa da kai don waƙar masu yanka. Yau sai kukan tsuntsaye. Baƙi sun watse tun ba a kai wa'adi ba, don wanda aka ce ya tafi ba ya jiran a maimaita. Gona bayan gona shinkafa na tsaye ta yi jawur, wata ta fara zubewa.

A tsakiyar gonar Alhaji Tambari mutum biyu ne kawai a sunkuye. Ɗaya Bawa. Ɗayan, da ta matso, sai ta ga furfura. Alhaji ne da kansa, ya tuɓe babbar riga ya rataye a kara, yana jan lauje kamar mai yanka da bayan wuƙa. Rabonsa da lauje tun kafin ya je Makka.

Ta ajiye furar a kan kunya ta durƙusa.

“Baffa, sannu da aiki.”

Ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu. “Yawwa. Kin dawo? Ga wannan mai taurin kan, na ce ya bi 'yan'uwansa, ba ni da sauran abin biyansa, ya ce shi ba ya barin gona da rabin aski.”

Bawa bai ɗago ba. Laujensa dai na ta ci.

“Baffa, magana na zo da ita.”

“In ta jiya ce, na ba da amsa.”

“Ta yau ce. Ina so ka aurar da ni ga Bawa kafin wata ya tsaya. Zan bi shi.”

Laujen Bawa ya tsaya. Alhaji ya dube ta kamar ta yi magana da wani harshe.

“Ki bi shi ina? Ƙasar da mutane ke tonon gidan tururuwa don neman hatsi? Mutane na gudowa, ke za ki tafi? Ki bar Gwandu inda ubanki ke kwance? Madina, ranar da na ɗauko ki na yi wa marigayi ubanki alkawari ba za ki kwana da yunwa ba.”

“Ba da yunwa zan tafi ba. Da garata zan tafi. Tana nan cike da rumbu.”

Ta faɗa masa abin da Gwaggo ta ce, tun daga dogarai har zuwa faifai. Maganar ƙarar da aka kai kuwa ba ta taɓo ta ba. Ta ga hannuwansa, duk sun yi kanta sun fashe. Ta ga ya riga ya karanta wannan babin shi kaɗai.

Alhaji ya girgiza kai. “Tasalla da bakinta! Wancan zamanin dogarai ne. Na yanzu masu kaki ne, takarda suka sani.”

“Su ma mace ta haife su, Baffa.”

“In suka ƙwace fa?”

“To na isa da hannuna biyu da tukunyata. Amma ba zai isa gaban tsohuwarsa shi kaɗai ba.”

“Madina, kada ki yi,” in ji Bawa. “Ba ki san can ba. Rijiyarmu sai an haɗa igiya da igiya. Ba inuwa, ba gulbi. Ni ban roƙe ki wannan ba.”

“Na sani. Da ka roƙa da na yi tunani.”

Alhaji ya zauna a kan kunya, ya jawo furar ya sha, ya daɗe yana duban cikin ƙwaryar.

“Ko na yarda, akwai abin da ba zan yi ba. Ba zan tsaya gaban kowa in yi ƙarya ba, ko da gaban mai kaki ne. Gara daga hannun amarya take fitowa. Wannan shinkafar ta ango ce, guminsa ce. Mu kira ta gara, mun yi ha'inci.”

Madina ta juya ta fuskanci Bawa. Kunya ta kama ta har kunnuwanta suka yi zafi, amma ta daure.

“Mutumin Faranshi, abin da ka ce a bakin zaure, yana nan?”

“Wanne?”

“Wanda na ce kada ka ƙara faɗa.”

Ya dube ta. Sai ya gane. Laujen ya suɓuce daga hannunsa ya faɗa cikin laka.

“Yana nan,” ya ce da ƙyar. “Duk abin da ke rumbun, sadakinki ne.”

“Na karɓa.” Ta koma ga baffanta. “Baffa, kai ka karantar da ni. Sadaki na wa ne?”

“Na mace.”

“Akwai mai iko da shi bayanta? Uba, ko miji?”

“Babu.”

“To shinkafata ce. Na ga dama in yi gara da ita in kai wa surukata. Ina ƙaryar?”

Alhaji Tambari ya buɗe baki, ya rufe. Wani abu mai kama da dariya ya taso masa, ya danne shi da tari.

“Laifina ne da na bar ki kusa da littattafai,” ya ce. Sa'an nan fuskarsa ta sake ɗaurewa. “Saura guda, kuma wannan ba wayon da zai warware ta. Ɗiyar gidanmu ba a ɗaukarta kamar kaza a kasuwa. Sai an zo an durƙusa an nema. Na tambaye shi tun farko, ina kuma tambaya. Wa zai nema masa? Ina ubansa?”

Madina ta duba littafin zuciyarta kaf, babu. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan laka.

Bawa ya tako a hankali ya durƙusa gaban tsohon, gwiwa biyu cikin ruwa.

“Alhaji, ubana ya rasu tun ina yaro. A ƙasar nan ban san ƙofar kowa ba sai guda. Can na kwana, can na yi jinya shekarar da zazzaɓi ya kama ni, mai gidan ya zauna a kaina yana tofa mini addu'a har na tashi. A garinmu, wanda ka kwana a zaurensa ka ci tuwonsa, shi ne ubanka har ka bar garin. Ban san ko nan haka ne ba.”

Haka ne mana. Ko'ina haka ne, tun kafin a san takarda.

Alhaji ya kawar da kai ya dubi gonakin da babu kowa. Tsuntsaye suka tashi, suka kewaya, suka sake sauka. Da ya yi magana, muryarsa ta dushe.

“Wato ni zan nema, ni zan bayar? A ina aka taɓa yin haka?”

Ya juyo ya dubi Bawa a durƙushe.

“Abdulgani zai bayar,” ya ce, kamar da kansa yake faɗa. “Shi ma baffa ne. Sai in sa rigata in sayi goro, in tafi Gwandu da furfurata in durƙusa gaban ƙanena. Zai ja mini rai kuwa, na san shi. Tasalla kuma sai ta tsine wa harshenta.” Ya miƙa hannu. “Kai, ɗaga ni. Ƙugun nan ya ƙi.”

Bawa ya kama shi ya tayar. Tsohon bai saki hannun nan da nan ba.

“Sharaɗi guda. Duk ranar da masu dokar nan suka ji yunwa suka tuna wa ke yanke musu shinkafa, za su buɗe hanya. Ranar ka dawo mini da ɗiyata. Da laujenka.”

“In Allah ya yarda, Alhaji.”

“Baba ake cewa. Kada ka kunyata ni gaban Abdulgani.”

Madina ta rufe fuskarta da mayafi, kafaɗunta na rawa, ita kanta ba ta san ko kuka take yi ko dariya ba. Ta ɗauki ƙwaryar za ta tafi, don akwai sauran shanshera da ba a guma ba, kuma amarya ba ta kai gara ɗanya.

Ta yi 'yan taku ta ji muryar baffanta a bayanta, ya koma faɗansa na kullum.

“To tsaye za ka yi kana kallonta? Ɗauki laujenka, rana na yi! Kuma in kun dawo, ka nemi inda za ka sa tabarmarka a cikin gida. Zauren nan na baƙi ne.”